DOGUWAR RABAWA DA ABIN DA TAKE BARI SAURA

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai)



Kwamitin shirya taro ya ba ni damar in zaɓi abin da zan yi magana a kai, ni kuwa na zaɓi doguwar rabawa. Na ga wasu a kujerun baya har sun fara duban ƙofa. Ku kwantar da hankalinku, yau babu wanda za a kira gaban allo, kuma babu bulala a ɗakin nan. Na san a wurin da yawa daga cikinmu wannan lissafi ba shi da wani tarihi sai na zufa da guntun alli da kunya a gaban 'yan aji. To amma bayan shekarun da na yi ina koyar da lissafi, da waɗanda na yi ina zama gefen malamai a wurin rabon gado ina riƙe musu alƙalami, na tabbata babu wani darasi da muka yi a ƙaramin aji da ya fi wannan shiga cikin rayuwar mutanen Isa da Sabon Birni, kuma shi ne darasin da nake gani yana suɓuce wa 'ya'yanmu da jikokinmu muna kallo.

Bari in tuna muku siffarsa. Ana zana 'yar rumfa a kan allo. Adadin da za a raba ya shiga cikin rumfa, wanda za a raba da shi ya tsaya a waje ta hagu, amsa kuwa a kan rufin rumfa ake rubuta ta. Sai a yi ta maimaita aiki huɗu: a raba, a ninka, a ɗebe, a sauko da lamba ta gaba. Haka aka koya mana, haka muka haddace, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa tambayar dalili ba. Alhali kuwa dalilin yana cikin aljihun kowa.

Ku ɗauka mutum takwas sun yi aikin ƙodago tare an biya su naira 8,424, kuma kuɗin sun zo kamar haka: takardun dubu guda takwas, na ɗari guda huɗu, na goma guda biyu, da naira ɗai-ɗai guda huɗu. Mai kasafi zai fara da manyan takardu, kowa ya ɗauki dubu guda, sun ƙare. Ya zo kan na ɗari, huɗu ne kawai, ba za su zagaya mutum takwas ba. To a nan kowa ya sami babu, kuma wannan babun dole a rubuta ta, ita ce sifili. Sai ya nemi canji, ya mai da ɗari huɗun nan goma-goma guda arba'in, ya haɗa da biyun da ke hannunsa, arba'in da biyu ke nan. Kowa ya sami biyar, saura biyu. Ya sake canza biyun nan zuwa naira ashirin, ya haɗa da huɗu, ashirin da huɗu, kowa uku. Rabon kowa ya tashi naira 1,053. Abin da muke kira "sauko da lamba" ba kome ba ne illa neman canji. Shi ya sa ma rabawa kaɗai ce ake farawa daga hagu, alhali tarawa da ɗebewa da ninkawa daga dama muke fara su. Mai tara kuɗi ƙanana yake haɗawa su zama manya, mai rabo kuwa manya yake fasawa su zama ƙanana. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin watanda da jajiberen salla ya ga wannan da idonsa: mahauci yakan fara jera manyan tsokoki kashi-kashi, sannan ya bi da ƙashi da kayan ciki, daga ƙarshe ya riƙa yanko 'yan ƙanana yana cike inda ya gaza.

Mu da muka yi firamare kafin 1973 mun sha wata wahala da yaran yanzu ba su san ta ba, kuma ina ganin ta yi mana amfani. A lokacin kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam. Idan aka ce ka raba fam 17 da sule 5 tsakanin mutum shida, sai ka ba kowa fam 2, saura fam 5. Ka fasa su su zama sule 100, ka ƙara 5 ɗin nan, 105. Kowa sule 17, saura 3. Ka fasa sule 3 su zama kwabo 36, kowa sisi. Fam biyu da sule goma sha bakwai da sisi. Yaron da ya yi irin wannan sau ɗari ba ya bukatar a gaya masa mene ne sauko da lamba, domin a kowane mataki sai ya tsaya ya tambayi kansa: wannan saura da ke hannuna, fam ne ko sule? Ran 1 ga Janairu 1973 aka shigo da naira da kwabo, fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, kome ya koma goma-goma. Lissafi ya yi sauƙi, amma tambayar nan ta ɓace daga aji.

A bakin iyaka kuwa tambayar tana nan da ranta. Mutanenmu da ke shiga Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji sun san cewa a can ba a ƙirga sefa kamar yadda aka rubuta a jikin takarda. Sefa biyar ita ce dala guda, sefa dubu ita ce jaka. Abin da aka rubuta 3,750, mai kanti zai ce maka jaka uku da dala ɗari da hamsin. Wato duk Bagobirin da ya tsaya gaban tebur ya ce "Nawa na?" to shi da mai kaya suna raba adadi da biyar a ka, kafin ya sake juya shi zuwa naira bisa farashin ranar. Da yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Abin sha'awa, jakar can dala ɗari biyu ce, jakar nan kuma da muka gada daga fam ɗari naira ɗari biyu ce. Kakanninmu ma da suka yi ciniki da wuri haka suka yi ta fama da manyan adadi: keso guda wuri dubu ashirin ne, kuma Baturen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851 ya tarar ana ba da wuri kamar 2,500 a kan dalar azurfa guda. Keso ke nan dala takwas. Saboda haka kada wani ya ce mana boko ne ya kawo rabawa ƙasar Gobir. Abin da boko ya kawo shi ne hanyar rubuta ta a takarda yadda wani zai iya bi ya duba.

Ita kanta hanyar tafiya ta yi mai nisa kafin ta iso allonmu. Lambobin da muke aiki da su, tare da sifili, daga Indiya suka fito. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, wani malami mai suna Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta littafi a kan yadda ake lissafi da su. A wancan lokaci a kan faifan ƙura ake yi, a rubuta lamba da yatsa a shafe a rubuta wata, don haka in an gama ba abin da ya rage sai amsa, ba yadda za a yi a gane inda aka kauce. A Dimashƙa, wajen shekarar 952, wani malami da ake kira Al'uƙlidisi ya gyara hanyoyin don su dace da tawada da takarda. Daga Arewacin Afirka abin ya haura Turai, musamman ta hannun wani ɗan Italiya, Fibonacci, wanda ya koyo shi a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya ya rubuta littafinsa a 1202. Amma shekaru aru-aru Turawa suna rabawa da wata hanya mai yawan soke-soke, wadda in an gama lambobin sukan taru su yi siffar jirgin ruwa. Siffar da muka sani, wadda kowane mataki yake sauka ƙasa a fili, an fara ganinta a bugaggen littafi a birnin Fulorans a 1491, cikin littafin Filippo Calandri, sannan daga baya ta bazu a Ingila, daga can ta biyo Turawan mulki zuwa nan.

Kada kuma mu manta da namu. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi ya bar Katsina ya tafi aikin hajji, a 1732 ya rubuta littafi a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk abin da mutum yake ɗauka game da hatimi, gininsa lissafi ne tsantsa, kuma da rabawa ake fara shi. Hatimi mai gida tara, ka tara 1 zuwa 9 ka sami 45, ka raba da layi uku, kowane layi 15. Mai gida ashirin da biyar, jimla 325, ka raba da biyar, kowane layi 65.

Akwai wani abu da ya kamata malamanmu da ke aji yanzu su sani. Tun daga 2019 dubban mutanenmu suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, wasu aka zaunar da su a Garin Kaka da Cadakori da makamantansu. Yaran da suka shiga makaranta a can, hanyar Faransa aka koya musu. A wannan hanya adadin da za a raba yana hagu, mai rabawa yana dama bayan wani tsayayyen layi, amsa kuma a ƙarƙashinsa ake rubuta ta, ba a kan rufi ba. Inda muke sa ɗigo su waƙafi suke sawa. In irin wannan yaro ya dawo gida ya shiga ajinku ya yi rabawarsa haka, kada a ja masa jan biro. Ku duba matakan, za ku ga guda huɗun nan ne dai, rumfar ce kawai ta juya.

Yanzu bari in zo inda na fi so in daɗe, wato rabon gado. Allah ya gafarta malamai, ba fatawa zan ba da ba, alƙalami kawai nake riƙewa. Suratun Nisa'i ta ƙayyade rabo: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Duk wanda ya karanta Risala ya iske babin gado kusa da ƙarshenta. Kuma ba banza ba ne Alhawarizmin nan da na ambata ya cika babban kashi na littafinsa na aljabara da matsalolin gado da wasiyya. Malami zai gaya maka wa ke ci, wa aka katange, kowa kashi nawa ne nasa. Amma daga nan sai an mai da kashin nan naira, kuma a nan ne ake bukatar doguwar rabawa.

Ga misali, ba na kowa ba ne, ni na ƙaga shi. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu, mata uku. An yi jana'iza, an biya bashi, an yi wa gona da shanu da gida kuɗi, abin da ya rage ya tashi naira 1,722,000. Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi, sauran na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Asalin mas'alar 24 ne: mata 3, uwa 4, saura 17. 'Ya'yan kuwa kaso bakwai ne, huɗu na maza, uku na mata, kuma 17 ba ta rabuwa da bakwai. Sai malam ya ninka 24 sau 7 ya sami 168. Mata ta sami kaso 21, uwa 28, kowane ɗa 34, kowace 'ya 17. Ku tara za ku ga 168 cif. Abin da ya rage shi ne a san kuɗin kaso guda, wato a raba 1,722,000 da 168.

Mu shiga rumfa. 168 a cikin 172 sau ɗaya, saura 4. A sauko da 2, ya zama 42. 168 ba ta shiga 42, a rubuta sifili. A sauko da sifili, 420, sau biyu ke nan, 336, saura 84. A sauko da wani sifilin, 840, sau biyar daidai. A sauko da na ƙarshe, sifili. Kaso guda naira 10,250. Matar mamaci ta tashi da 215,250, mahaifiyarsa 287,000, kowane ɗa 348,500, kowace 'ya 174,250.

To ku dubi sifilin nan na mataki na biyu. Shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa, tun zamaninmu har yau, domin hannu yana gaggawar sauko da lamba ta gaba. In aka manta shi amsa ta zama 1,250. Marainiyar da ke da naira 174,250 sai a miƙa mata 21,250. Duk abin da za a raba wa magada bakwai ɗin nan bai wuce 210,000 ba, fiye da miliyan ɗaya da rabi ya kwanta a hannun wanda ke riƙe da dukiya. Za ku ce ai kuskure mai girma haka kowa zai gani. Haka ne in tsabar kuɗi ne a kan tabarma. Amma gado a wurinmu yawanci gona ce da dabba da ɗaki, ana cewa wance ta ɗauki akuya biyu a bakin rabonta, wane ya riƙe fadama ya cika wa ƙannensa kuɗi. A cikin irin wannan lissafi, macen da ke takaba da yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba su da abin kare kansu sai in akwai wani a gidan da zai iya ɗaukar takarda ya sake bin matakan. An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, amma ni na ga rabon marayu ya hau, kuma ba kullum mugunta ce ta hau da shi ba. Sau da yawa kowa a wurin ya yarda da lambar da mutum guda ya faɗa ne, domin ba mai iya dubawa.

Dubawar kuwa ba ta da wuya. Ta farko, tun kafin a fara, a yi kintace. 168 sau dubu goma 1,680,000 ne, bai kai dukiyar ba, ashe amsa ta haura dubu goma, lambobinta biyar ne. Wanda ya san haka ba zai karɓi 1,250 ba. Ta biyu, in an gama a ninka amsa da mai rabawa a ƙara saura, dole a koma kan adadin farko. Akwai ta uku da wasu malamanmu suka koya mana, wadda malaman hisabi na Larabawa ke kira mizani, wato zubar da tara-tara: a tara lambobin kowane adadi har su koma lamba guda. 168 ta koma 6, 10,250 ta koma 8, shida sau takwas 48, ta koma 3, kuma 1,722,000 ma ta koma 3, an dace. Hanya ce mai daɗi da sauri, sai dai ku lura, 1,250 ma 8 take komawa. Mizani ba ya ganin sifilin da ya ɓace. Kintacen farko shi ke kama shi. Kuma ga wanda ninkin manyan lambobi ke ba shi tsoro, ya rubuta jerin mai rabawa a gefen takarda tun da fari, 168, 336, 504, 672, 840, har zuwa sau tara, sai ya riƙa dubawa. Ba abin kunya ba ne, ni ma haka nake yi.

Na san abin da ke ran wasunku: ai kowa yana da kalkuleta a wayarsa. Ina da ita, ina kuma aiki da ita. Amma yatsa yakan tsallake sifili a kan waya kamar yadda alli yake tsallake shi a kan allo, kuma wanda bai iya kintace ba duk abin da gilashi ya nuna masa shi ne gaskiya. Sannan akwai abin da kalkuleta take ɓoyewa, shi ne saura. A ce an kawo buhun taki 100 a raba wa ƙauyuka bakwai. Waya za ta ce 14.285714, ta yi ta jero lambobi. Doguwar rabawa za ta ce buhu 14, saura 2. Buhu biyun nan suna nan a zahiri, a bayan mota, kuma dole wani ya yanke shawarar inda za su. Duk rigimar da na taɓa gani a wurin rabon kaya a kan saura take. Wani wurin kuma saura ita ke juya amsa: mutum 130 za su kasuwar Shinkafi ran Alhamis, mota tana cin 18, sau bakwai ke nan saura huɗu, to mota takwas za a nema, ba bakwai da ɗigo biyu ba. Manomi ma ya san haka a wurin zakka. Dami goma a fitar da ɗaya in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma, ɗaya cikin arba'in a kuɗi, kuma in damman ba su cika goma-goma ba sai ya je ya tambayi malam yadda zai yi da 'yan kai.

Ga masu son lissafi don kansa, lambobin nan da waya ke jerowa suna da sirri mai kyau. In kana raba abu da bakwai, saurar da za ka iya samu ba ta wuce guda shida ba, daga 1 zuwa 6. Saboda haka kome daɗewa sai wata saura ta dawo, in kuwa ta dawo duk abin da ya biyo ta a da sai ya sake biyo ta. Shi ya sa ɗaya bisa bakwai take 0.142857, sannan 142857 ta yi ta maimaita kanta ba iyaka. Wanda bai taɓa yin rabawar da hannu ba ba zai ga dalilin ba har abada.

Akwai wata rabawa da ban so ambata ba, amma ba zai yiwu a taru a yi maganar Isa da Sabon Birni a tsallake ta ba. Tun wajen 2021 jaridu da gidajen rediyo suka yi ta kawo labarin kuɗin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyukanmu kafin a bar su su yi noma ko su girbe. A dunƙule ake faɗin adadi, sai dattawan gari su zauna su kasa shi a kan magidanta. A ce miliyan uku ne a kan gida 140: kowane gida 21,428, saura 80. Lissafin ya fita, amma a cikin gidajen nan akwai mai garken shanu, akwai gwauruwa mai marayu biyar. Rumfar nan tana iya gaya maka rabon kowa in an yi daidai wa daida, ba ta iya gaya maka ko daidai wa daidan adalci ne, balle ta gaya maka dalilin da talaka zai sayi izinin shiga gonar ubansa. A watan Agustan 2024 muka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗannan mutane. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan dukkan waɗanda muka rasa, ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

Abin da ya shafi taronmu a ciki shi ne yara. Yaron da aka tashi ƙauyensu yana aji uku na firamare, ya yi shekara biyu yana gudun hijira, in ya dawo shekarunsa ake dubawa a jefa shi aji shida. Shekarun da ya rasa su ne daidai shekarun haddar sau. Nakan gwada yaran 'yan'uwa da ke zuwa wurina hutu, 'yan ƙaramar sakandare, kuma abin da nake gani iri ɗaya ne. Sun san a raba, a ninka, a ɗebe, a sauko. Amma in na ce bakwai sau takwas sai a fara lissafa yatsu a ƙarƙashin tebur. Doguwar rabawa ita ce wuri na farko da tarawa da ɗebewa da ninkawa da sanin gidajen lamba suke haɗuwa a aiki guda, don haka duk inda aka bar rami a baya nan yake bayyana. Yaron da ya faɗa ramin nan yakan yanke wa kansa hukunci cewa shi ba shi da kan lissafi, daga nan ya bar kimiyya, daga nan kuma mu zo taro muna tambayar me ya sa asibitocinmu ba su da 'yan ƙasa.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo guda uku ga ƙungiya. Na ɗaya, a dogon hutu mai zuwa a buɗe darasin mako huɗu ga yaran da za su shiga aji ɗaya na sakandare, a cikin garin Isa da cikin garin Sabon Birni inda ake iya taruwa, kada a koyar da kome sai haddar sau har zuwa goma sha biyu, da gidajen lamba, da rabawa, kuma a yi bayanin da Hausa, da takardun kuɗi na wasa a hannu. A cikinmu akwai malaman da suka yi ritaya da yawa, ni ne na farko da zan rubuta sunana. Na biyu, a ware wa 'yan mata rabin kujerun, domin su ne aka fi cuta a wurin gado. Na uku, kuɗin da muka saba kashewa wajen buga kalanda, bana a sayi littattafan rubutu masu gidan dara da fensir. Ma'aji yana nan, shi zai gaya mana littafi nawa kuɗin za su saya, da saura nawa.

Tun da malamanmu suna zaune, ba zai kyautu a tashi ba aikin gida ba. 'Yan zamanin fam da sule, ku raba fam 100 tsakanin mutum bakwai, ku bi shi har anini, kuna tuna anini goma ne kwabo. 'Yan zamanin naira, ku raba ɗaya da goma sha bakwai da hannu, ku gaya mini bayan lamba nawa ta fara maimaita kanta. A aika amsa ga editan mujalla kafin fitowa ta gaba, tare da takardar da aka yi aikin a kai.